Ledar maganin Hajiya: tsufa ne ko ƙwayoyin ne?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ku ba ni shawara. Mahaifiyarmu ce, shekararta 74, tana da hawan jini da ciwon suga, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana cin ta. Tun bayan ƙaramar salla ta sauya mana. Da rana gyangyaɗi, da dare sambatu, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Yau da asuba ta tashi alwala ta faɗi a bakin banɗaki, goshinta ya fashe. Yayanmu ya ce gigin tsufa ne, mu yi haƙuri mu yi ta addu'a. Ni hankalina bai kwanta ba, domin kafin azumi ita ce ke riƙe da lissafin adashin unguwarmu, kuma da ka take yi.

Na zazzage ledar maganinta a kan tabarma na karanta su ɗaya bayan ɗaya: amlodipine, Lasix, Aldomet, Daonil, Vasoprin, diclofenac, Feldene, Piriton, Valium, omeprazole. Ga wani ƙullin ƙwayoyi masu kala-kala da ba su da suna, ga jarkar jiƙo da wata maƙwabciya ta kawo mata. Wasu na asibiti ne, wasu na kemis, wasu kuma 'yan dubiya ne suka kawo. Anya ba waɗannan ne suke juya mata kai ba?

Maman Zahra:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Likitan Iyali:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ku kai ta asibiti yau, kada ku bari sai gobe. Tsohuwar da ta bugi kai alhali tana shan Vasoprin, wato aspirin mai tsinka jini, dole a duba ta, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali ba tare da an ga komai a waje ba. In kuna da na'urar awon suga a gida ku auna yanzu. In ya yi ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ku ba ta ruwan suga in dai tana iya haɗiya, sannan ku kama hanya. Ledar nan ku tafi da ita gaba ɗaya, har ƙullin da jarkar. Ku zube wa likita a kan tebur. Sauran bayani zan dawo in yi.

Sista Mai Jinya:
Ina ƙara wa abin da Dakta ya faɗa. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake shiga, shekara da shekaru, har sai iyali sun waiwaya su ce ai tun bara waccan take mantuwa. Amma mutum yana lissafi ras kafin azumi, bayan salla ya daina gane 'ya'yansa, wannan akwai abin da ya taso shi. Ko magani, ko ciwon fitsari, ko suga, ko gishirin jiki ya rikice. A ɗakin kwanciyar tsofaffi mata mun sha ganin wadda aka kawo ana cewa ta zare, aka janye mata ƙwaya biyu uku, bayan mako ta zauna tana tambayar jikokinta da sunayensu.

Abu Sadiq:
To ai maganar ta fito. Ku kwashe ledar nan ku zuba a masai, ku koma mata kan zuma da habbatus sauda. Kakanninmu da suka kai shekara 90 wace ƙwaya suka sha?

Famasis Zariya:
Malam Abu Sadiq, don girman Allah kada a bi wannan shawara. Akwai magungunan da in an yanke su rana ɗaya sun fi a ci gaba da su haɗari. Wanda ya saba da Valium in aka tsayar masa kwatsam yana iya kamuwa da rawar jiki, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin hawan jini in aka watsar, jinin yana iya hawa ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ƙullin nan mara suna ma in akwai dexamethasone ko prednisolone, masu kwantar da kumburi, a ciki, kuma ta daɗe tana sha, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Abin da ake nema shi ne wanda ya sani ya zauna ya tace ledar: wannan ya tsaya, wannan a rage, wannan a canza, wannan a cire. Kakannin da kake magana kuwa, waɗanda suka kai 90 muka gani. Waɗanda hawan jini ya ɗauke suna da shekara 50 ba su zauna mun ƙirga su ba.

Likitan Iyali:
Na dawo. Ba zan iya yanke hukunci a kan marar lafiyar da ban gani ba, amma jerin da aka kawo ya isa a yi magana a kansa, don irinsa nake gani kusan kullum.

Jikin mai shekara 74 ba ya sarrafa magani yadda jikin mai shekara 30 yake yi. Ƙoda tana rage saurin tacewa, hanta ma haka, tsoka tana raguwa, kitse yana ƙaruwa, ƙwaƙwalwa kuma takan ji magani fiye da da. Ku ɗauki Valium. A jikin matashi, kusan kwana ɗaya ya isa rabinsa ya fita. A jikin mai shekara 80 yana iya kai kwana uku zuwa huɗu. To in ana sha kowane dare, na jiya bai fita ba na yau ya tarar da shi. Shi ne gyangyaɗin rana, shi ne tangaɗi, shi ne faɗuwa a hanyar banɗaki. A ɗora Piriton a kai, wanda shi ma yana sa barci, yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana ruɗa tsoho. A ƙara Aldomet, wanda yake kashe jiki kuma yake sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye. Uku ke nan suna jan ta waje guda.

Daonil kuma shi ya fi tayar min da hankali. Yana saukar da suga da ƙarfi, yana daɗewa a jiki, kuma in ƙoda ta yi rauni sai ya ƙi fita. Tsohuwa ta ci tuwo loma uku da dare ta ce ta ƙoshi, ƙwayar kuwa ba ta san an rage ci ba. Cikin dare suga ya faɗi. Matashi zai ji zufa da rawar hannu ya nemi abinci, amma tsoho sau da yawa ba ya jin wannan gargaɗin, sai dai a ga yana sambatu ko ya ƙi farkawa.

Sai wani abu da nake so kowa a zauren nan ya riƙe. 'Yar Gwammaja, ina zargin Lasix ɗin nan, maganin sa fitsari, saboda kumburin ƙafa aka ba ta. Haka ne?

'Yar Gwammaja:
Wallahi haka ne Dakta. Idon sawunta ne ya kumbura har silifas ba ya shiga, sai aka rubuta mata shi. Muna cikin mota yanzu, sugan da muka auna 58 ne, mun ba ta ruwan suga ta ɗan wartsake.

Likitan Iyali:
Madalla da kuka auna. Ku faɗa wa likitan adadin da kuka gani, kuma ku ce masa Daonil take sha, domin sugan yana iya sake faɗuwa bayan wasu sa'o'i.

Kumburin idon sawu sananne ne ga masu shan maganin hawan jini amlodipine. Ba ruwa ne ya yi wa jiki yawa ba, ƙananan hanyoyin jini ne suka buɗe, shi ya sa Lasix ba ya yi masa wani abin kirki. Abin da ya dace shi ne a rage amlodipine ɗin ko a sauya tsari. Amma in ba a gane ba sai a ɗauka sabon ciwo ne a rubuta Lasix. Lasix ya sa yawan fitsari, ta riƙa tashi cikin dare, barci ya gagara, a sayo Valium. Gishirin jiki ya ragu, jiri ya zo, a nemo maganin jiri. Kowane magani ana ba da shi ne don kashe ɓarnar wanda ya gabace shi, kuma babu wanda ya koma farkon zaren. Wasu likitoci biyu, Paula Rochon da Jerry Gurwitz, sun yi rubutu a kan wannan sarƙa tun a 1995, kuma har yau tana nan. Wani misalin: maganin hawan jini lisinopril yana sa wasu busasshen tari, sai a yi ta ɗura wa tsoho maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni. Maganin amai metoclopramide yana iya sa rawar hannu da sandarewar jiki, sai a ce cutar Parkinson ce a ɗora wani magani. Ƙa'idar da ake koya mana ita ce duk sabon ƙorafin da tsoho ya zo da shi, a fara zargin maganin da yake sha kafin a laƙaba masa sabuwar cuta.

Abu Sadiq:
To Dakta, in kun san haka, wa ya rubuta mata? Ai ba ni na rubuta ba. Ka je asibiti tun asuba, ka bi layi har azahar, ka shiga likita ko ɗago kai ba ya yi, ya rubuta ya miƙo maka. Sai abu ya ɓaci a ce laifin iyali ne.

Likitan Iyali:
Ƙorafinka yana kan hanya, Malam, ba zan kare abin da bai karu ba. Likita ɗaya da layin mutane har waje, 'yan mintoci kaɗan ga kowa, abu mafi sauƙi shi ne a duba kati a rubuta a ci gaba da na baya. Sannan tsohuwa ɗaya tana da kati a wajen masu hawan jini, wani a wajen masu suga, wani a wajen likitan ƙashi, kowa yana kallon gaɓarsa. Babu wanda aikinsa shi ne ya kalli mutum ɗungurungum. Likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi ba su da yawa a Najeriya. Cibiyar kula da tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan sai a 2012 aka buɗe ta, kuma ita ce ta farko irinta a ƙasar. Amma ka duba jerin nan da kyau: diclofenac da Feldene aikinsu ɗaya ne, wato kashe ciwo, da wuya hannu ɗaya ya rubuta su tare. Ɗaya daga asibiti, ɗaya daga wani waje. In ba a nuna wa likita na biyun ba, ta ina zai sani?

Mai Kemis:
Na san dama kanmu za a sauke. Ni shekara da shekaru ina wannan sana'a a unguwa. Tsohuwa za ta aiko jikanta da naira ɗari biyar a ƙulle a leda, a ce gwiwa ta hana ta barci. Asibiti kuɗin mota kaɗai ya fi abin da ke hannunta. In ce masa je ka? In na kore shi shago na gaba zai shiga, ko ya tari mai talla a tire wanda maganinsa ya wuni a rana. Mu ne asibitin talaka, kowa ya sani.

Famasis Zariya:
Alhaji, babu mai musun cewa ku ne mafi kusa da jama'a, shi ya sa ma maganar ta shafe ku. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya take ba masu kemis na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, kuma a cikin kwalinsu na asali. Valium ba ya ciki. Haɗin da ake ɓare ƙwayoyi a ƙulla a leda ba suna ma ba ya ciki. Abin da yake sa haɗin nan ya yi farin jini shi ne yana aiki nan take: diclofenac ko Feldene, a sa dexamethasone, wani lokaci har tramadol. Gwiwa ta saki, tsohuwa ta sa albarka. Bayan wata shida fuska ta yi ɓulɓul a ce ta yi ƙiba ta samu lafiya, alhali suga ya hau, jini ya hau, ƙashi yana zaizayewa, ciki yana gyambo. Kuma gyambon cikin tsoho ba lallai ya yi ciwo ba. Sai dai a ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin, tafin hannu ya yi fari, a kwashe ta a je neman jini. Ƙoda kuwa ba ta kuka sai ta kusa gamawa. Mafi muni shi ne a haɗa wa mutum maganin gwiwa irin wannan da maganin fitsari da lisinopril ko losartan a lokaci guda, musamman a watan zafi da jiki ke bushewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mai Kemis:
Ni dai ba na sa dexa a haɗina. Amma na ji maganar ƙodar.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Abin da kuke faɗa nan haka yake a wurinmu. Ranar kasuwa za ka ga mai talla da kwali a kai ko a baro, tsoho ya nuna masa baya ko gwiwa, ya zaɓo masa ta kala: ja biyu, ruwan ɗorawa ɗaya. Ga wani abin da ban ji kun ambata ba. Iyayenmu suna tsallaka iyaka neman magani, su karɓo na Kano ko Katsina su haɗa da na Damagaram ko Maraɗi. Kwali ɗaya da Turanci, ɗaya da Faransanci, sunan kamfani daban, amma maganin ciki ɗaya ne. Baffana ya daɗe yana shan amlodipine ninki biyu a haka, yana ta kukan jiri, sai da wani ma'aikacin farmasi ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan.

Famasis Zariya:
Wannan muhimmi ne ƙwarai. Babban suna na kamfani ne, ƙaramin rubutun da ke ƙasa shi ne ainihin maganin, shi za a duba. Haka paracetamol yake ɓuya a cikin magungunan mura da yawa, mutum ya sha su ya kuma sha paracetamol ɗin daban.

Malamin Makaranta:
Tambaya gare ku masana. Akwai wani tsayayyen jeri ne na magungunan da ba a so a ba tsofaffi, ko kowane likita da ra'ayinsa?

Likitan Iyali:
Akwai. Wanda ya fi shahara shi ne jerin Beers, wanda wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya fara fitarwa a 1991. Yanzu ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ce take sabunta shi, na baya-bayan nan da na sani shi ne na 2023, kuma an yi shi ne don masu shekara 65 zuwa sama. Valium da danginsa, Piriton, Phenergan, amitriptyline, Daonil, da daɗewa ana shan irin su diclofenac duk suna ciki. Akwai kuma na ƙasar Ailan da ake kira STOPP/START, wanda ya fito daga birnin Kok a 2008. Ni na fi son tsarinsa, saboda ɓangare biyu gare shi: abin da ya kamata a daina, da abin da ya kamata a fara amma aka manta. Domin akwai tsohon da yake shan ƙwaya goma marasa amfani, amma wadda za ta kare shi daga shanyewar jiki ba ta cikin ledar.

Abu Sadiq:
Jerin Amurka. Su da suke da inshora da zaɓi. Mu nan abin da aljihu zai iya ake saya. Daonil da Aldomet arha gare su, shi ya sa ake rubutawa. Ka ce a canza, wa zai biya?

Famasis Zariya:
Maganar kuɗi gaskiya ce, kuma jerin Beers kansa ba haramtawa yake yi ba, cewa yake a yi taka-tsantsan a nemi madadi in akwai. Amma batun Daonil ba na Amurka kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a jerin muhimman magungunanta, wanda aka tsara shi da ƙasashe irin namu a rai, tun 2013 ta sa maganin suga gliclazide, ta kuma rubuta ƙarara cewa glibenclamide, wato Daonil, bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Metformin, shi ma na suga ne, yana da arha, kuma ya dace in ƙoda tana da kyau. Sannan ka yi lissafi, Malam. A ledar Hajiya in aka cire huɗu ko biyar da ba ta buƙata, kuɗinsu ya isa ya sayi mai kyau guda ɗaya. Ban ma sa kuɗin gado da ƙarin jini da aikin karayar ƙugu ba, wanda yakan cinye gona.

Maman Zahra:
Ni Vasoprin ɗin ne ya ɗaure min kai. Na ɗauka duk wanda ya manyanta sha yake yi don tsinka jini. Surukata ma kullum sai ta sha, ba ta taɓa ciwon zuciya ba.

Likitan Iyali:
Da can haka aka ɗauka. Amma wani babban bincike da aka yi a Ostireliya da Amurka, mai suna ASPREE, da aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya bi tsofaffi masu lafiya sama da 19,000, akasarinsu 'yan shekara 70 zuwa sama. Aspirin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai dai ya ƙara zubar jini mai tsanani. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko aka sa masa ƙarfe a jijiyar zuciya, maganarsa daban ce, shi kada ya kuskura ya daina da kansa. Surukarki ta tambayi likitanta dalilin da aka ɗora ta a kai.

'Yar Gwammaja:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. An kwantar da ita. Hoton kai bai nuna jini ba, alhamdu lillahi. Gwajin ƙoda ya nuna ta ɗan taɓu, jininta ma ya yi ƙasa. Likitan ya ware ledar kashi uku a kan tebur. Ya tsayar da Daonil, diclofenac, Feldene, Piriton da Lasix, ya ce Valium za a riƙa ragewa a hankali, sauran kuma zai duba bayan sakamakon gobe. Ƙullin nan ya ce akwai wadda ta yi kama da dexamethasone a ciki, don haka sai sun bi a sannu. Yaya ma yana nan, shi ya riƙe takardar.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Na karanta duka tun daga sama, kuma ina so ku ji daga bakin wanda ake magana a kansa, don ni shekarata 77. Kuna ta a cire wannan, a cire wancan. To ciwon fa, shi ma za ku cire? Gwiwar nan in ta motsa ko sujada ba na iya yi. Paracetamol ba ya jin kira. Dare kuma in ya raba, gida ya yi tsit, kai kaɗai ido biyu kana tuna abokanka da suka riga ka, maganin barcin nan Lexotan shi ne yake kai ni asuba. Na fi shekara goma ina sha. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne in na je asibiti da ɗana, sai likita ya riƙa tambayar ɗana abin da ke damuna, ni ina zaune. Ba ƙin gaskiya muke ba. A yi mana bayani, a ba mu abin da zai maye gurbi.

Sista Mai Jinya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi maganarka ta shige ni. Wannan ɗabi'a ta tsallake marar lafiya a yi magana da ɗan rakiya tana nan, kuma ita ce take sa tsofaffi su ce to a gaban likita, su koma gida su ci gaba da abin da suka saba a ɓoye.

Likitan Iyali:
Ranka ya daɗe Baba, hakkinka ne a tambaye ka, kuma ciwon da kake ji ba ƙarami ba ne. Cire magani ba tare da an ba da mafita ba rabin aiki ne.

Gwiwa tukuna. Diclofenac ɗin nan akwai na shafawa, kuma ga gwiwa yana taimakawa sosai, abin da yake shiga jini kaɗan ne in aka kwatanta da na sha. Paracetamol ya fi aiki in ana shan sa a kan lokaci a ranakun ciwo maimakon a jira sai ciwo ya kai maƙura, amma ga dattijo kada ya wuce giram 3 a yini. Motsa jiki na ƙarfafa tsokar cinya yana rage ciwon fiye da yadda mutane suke zato: kana zaune a kujera ka miƙe ƙafa, ka riƙe kaɗan, ka sauke, safe da yamma. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar mai ciwo tana ɗauke mata nauyi. In ta ƙi, akwai allurar da likitan ƙashi yake yi a cikin gaɓar jefi-jefi. Batun sujada kuwa malamai suna nan sun fi ni sani, amma hadisin Imrana ɗan Husaini a kan sallar marar lafiya a zaune sananne ne.

Lexotan kuma, bayan shekara goma ba abin da za a fizge ba ne. Jikinka ya saba, kuma wani ɓangare na rashin barcin da kake ji in ba ka sha ba, rashin ƙwayar ne yake kawo shi. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan, makonni ko watanni, da yardarka, in ya yi wuya a tsaya a mataki ɗaya a huta. Dalilin da ya sa ya cancanci wahalar shi ne faɗuwa. Karayar ƙugu a shekara 77 takan kwantar da mutum kwanciyar da ba kowa ke tashi ba. Ina kuma so likitanka ya tambaye ka wannan tunanin na dare, domin damuwa tana hana tsofaffi barci, kuma tana da nata maganin. Kana cin goro ko shan shayi da yamma?

Baba Mai Ritaya:
Goro kam har bayan isha'i. Shayi kuma da magariba.

Likitan Iyali:
To a fara daga nan, Baba. Dukansu suna ɗauke da sinadarin da ke kore barci, kuma yana daɗewa a jiki. A mayar da su safe, a taƙaita barcin rana. In kana shan maganin fitsari shi ma da safe ake so. Ka rubuta duk abin da kake sha a takarda ɗaya, har na gargajiya, ka riƙa yawo da ita a aljihu. In ka shiga wajen likita ka ce masa da bakinka: wanne ne a cikin nan zan iya rabuwa da shi? Ka kuma roƙa a yi maka awon hawan jini a kwance sannan a tsaye. In adadin sama na awon ya sauka da 20 ko fiye bayan ka miƙe, to akwai gyara a maganin.

Mai Kemis:
Famasis, tambaya ta tsakani da Allah. Yanzu sanyi na tafe, tsofaffi za su yi ta aiko yara neman maganin mura. In ban ba da Piriton ko haɗin mura ba, me zan bayar?

Famasis Zariya:
Ka fara da tambayar yaron: wa zai sha, shekarunsa nawa, me yake sha dama? In dattijo ne namiji ka tambaya ko fitsari yana yi masa wuya, domin Piriton da magungunan buɗe hanci irin pseudoephedrine suna iya ɗaure fitsarin mai kumburin furostet gaba ɗaya, a kwana ana neman mai sa roba. Masu buɗe hancin kuma suna ɗaga hawan jini. Murar yau da kullum paracetamol ya isa, da ruwan ɗumi, da turara fuska, da zuma in babu ciwon suga. In atishawa da ƙaiƙayin hanci ne, loratadine ya fi Piriton sauƙi a jikin tsoho. Ka bayar a cikin fallensa mai suna, kada ka ɓare. Amma in yaron ya ce numfashi yana yi wa tsohon wuya, ko zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko ya daina cin abinci, ko yana magana ba kan gado, kada ka sayar masa da komai. Ka karɓi lambar babban gidan ka kira shi da kanka ka ce a kai shi asibiti.